Ƙundu Bakwai a Azumin Damina

Tun da damina ta zauna bana nake rufe tagar ɗakina ta gabas, 'ya'yana suna tsokanata wai tsufa ya fara sa ni jin sanyi. Ba sanyi ba ne. Maƙwabcinmu ne ya kafa ɗakin kaji a bayan katanga. In ruwa ya sauka ya jiƙa garin katakon da ya shimfiɗa musu, wani wari yake tasowa mai tsami, har yaji yake yi a ido. Shi mai kajin na san ba ya jin sa, don ni ma a lokacina ba na ji. Yanzu kuwa da zarar ya shigo hancina sai in koma wani azumi da muka yi a tsakiyar damina, shekara goma sha wani abu ke nan. Da Baba muka fara shi, washegarin salla muka kai shi makwancinsa. Har yau ban daina tambayar kaina ko da hannuna a ciki ba.

A shekarar mijina ya rasu, na kwaso yarana biyu na dawo gidanmu a unguwar Ketaren Gwari, cikin Minna. Innarmu ta daɗe da rasuwa, yayana Sani yana can wata unguwa da iyalinsa, gidan daga ni sai Baba sai yaran. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya haura saba'in, amma in ka gan shi da safe yana goge agogonsa da gefen riga sai ka rantse akwai jirgin da yake jira. Komai nasa da lokaci. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Hajara, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. In na ɓata masa rai ma Uwata ce, sai dai ya ja ta da tsawo.

Wadda ta sa ni a harkar kaji Mama Ladi ce, maƙwabciyarmu, Gbagyi ce daga Beji. Ita ta ce zaman takaba ya ƙare, zaman tagumi kuma ba ya ciyar da yara. Ta koya mini lissafin masu kiwon salla: ka zuba 'yan tsaki saura mako uku a ɗauki azumi, ranar jajibere sun isa yanka. Muka gyara tsohon ɗakin ajiyar da ke bayan gida, muka ɗebo garin katako daga wurin masu yanka katako, muka zuba 'yan tsaki ɗari biyu. Ranar Baba ya tsaya a ƙofa yana kallon su suna ta cirko-cirko, ya ce, "Uwata, kin cika mini gida da fasinja marasa tikiti."

Damina a Minna ba ta wasa, ta shekarar kuwa ta fi kowacce. Hadari yakan haɗo daga bayan duwatsu tun azahar, gari ya yi duhu, a yi ta zubawa har la'asar ta wuce. Shanya ba ta bushewa. Ashana sai ka kwana da ita a cikin zani kafin ta kama. Ga shi lokacin tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta wadata ba, hatsi ya yi tsada. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da ƙosai, sahur tuwon da ya kwana. Mutane suna cewa azumin damina ba ƙishirwa, gaskiya ne, amma yunwarsa wata iri ce, sanyi ke kawo ta tun hantsi ta zauna maka a ƙirji. Ina auna wa kaji abincinsu, masara da waken suya suna ƙamshi, cikina yana ƙugi. A gidan nan kaf su kaɗai ke ci su ƙoshi.

Aikin kullum iri ɗaya ne. In na idar da asuba in wanke mazuban ruwa, in cika na abinci, in juya garin katako da cebur. Da rana, lokacin da azumi ya fara galabaitar da ni, Mama Ladi takan shigo, tunda ita Kirista ce ba ta azumi. Ita ke ɗaukar buhu, ita ke janyo ruwa a rijiya. Ba ta taɓa kai ko gyaɗa bakinta a gabana ba.

Sai magani. A nan ne labarin yake.

Ruwan kajina bai taɓa zama fari ba. Tun ranar farko Mama Ladi ta ce mini, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Hajara, kaji agirik ba shi da karfi. In ka jira sai ya yi ciwo, ka makara. Ka ba shi magani tun yana lafiya." Haka kowa ke yi, haka ita ma aka koya mata. Akwai wani garin magani ruwan ɗorawa da muke zubawa kowace safiya. In ya ƙare ba mu samu zuwa kasuwa ba, sai a aika kemis a sayo kafso ja-da-yalo, irin wanda mutane ke sha, mu ɓare mu zazzage a bokiti. In na ga kashinsu ya yi ruwa in ƙara da wani na kwalba. In wannan bai yi ba mai shagon maganin dabbobi ya miƙo mini wani, ya ce wannan ya fi ƙarfi. Ba awo, ba ranar dainawa. Murfin kwalba ne ma'aunina, in hankalina ya tashi in yi murfi biyu. Ina jin kaina ƙwararriya, har wasu matan unguwa suna zuwa tambayata haɗin da nake yi.

Yanzu nakan ji ana maganar a rediyo, ana cewa ƙwayoyin cuta suna sabawa da magani. A lokacin ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Ko da an faɗa, ban san ko zan saurara ba. Kwanaki na leƙa ta katanga na ga ruwan kajin maƙwabcin nan nawa rawaya sosai, na yi masa magana. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Hajiya, ai in ba haka ba kwana uku ba za su yi ba." Na koma ciki, don amsar da ni ma zan bayar ke nan a da.

Azumi na da goma sha biyar iska ta ɗage kwano ɗaya a rufin ɗakin kaji. Kafin mu samu mai gyara ruwa ya shiga, garin katako ya zama caɓi. Kwana biyu muna kwashewa da kwando ni da Mama Ladi, ƙafa tana nutsewa, warin nan yana sa mu hawaye. Daga nan kaji suka fara saukar da fukafuki. Sai ka ga kaza ta koma lungu ta rufe ido, gindinta ya ɓaci da farin kashi. Na ninka magani. Kamar ruwan rijiya nake ba su.

Dokar Baba ɗaya ce: kada kaza ta mutu mushe a gidansa. Ya ɗauko kujerarsa ya kafa a bakin ɗakin, wuƙa a cinya, lema a kai. Da ya ga wadda ta fara layi sai ya ce, "Uwata, kawo waccan, ta kusa tashi." Ya yi bisimilla ya yanka. Mu fige, mu gyara, in soya, a aika wa maƙwabta a kwanon buɗa-baki. Yara suna murna an samu nama. Ni ina kuka a zuci dukiyata tana narkewa, amma ba zan ɓoye ba, har da ni a murnar naman.

Ƙundu kuwa na Baba ne. A gidanmu haka muka tashi: kaza ko ta waye, ƙundunta na maigida ne. Innarmu ta taɓa ba mu labarin ranar da ya mayar da kwano guda don an kawo kaza ba ƙundu, ya ce a kai wa wanda ya fara ci ya ƙarasa. Kuma ba ya son shi a miya, gasasshe yake so, a tsinke, da yajin ƙuli.

Ranar sha bakwai ga azumi kaza bakwai ya yanka. An wuni ana ruwa. Ban gama da fiɗa ba sai da rana ta kusa faɗuwa, hannuna har ya yi fari don jiƙa. Na tsaga ƙundunan, na ɓare fatar ciki, na ɗauraye su a ruwan da na wanke sauran naman, na jera a tsinke. Gawayin ya sha sanyi. Na fifita, na hura har kaina yana juyawa, hayaƙi kawai yake yi. Da ƙyar gefe ɗaya ya kama, na ɗora a nan, harshen wuta ya lashe bayansu suka yi baƙi. Sai ladan ya kira salla.

Daga zaure Baba ya ɗaga murya. "Uwata! Shida da minti hamsin da biyu. An sha ruwa a ko'ina ban da tasharmu."

Na sauke. Na yanka ɗaya don in gani. Cikinsa ja ne, da ɗan ruwa-ruwa. Na gani da idona, ba wai ban lura ba. Na dubi gawayin, na dubi ruwan da ke zuba ta rufin madafa, na ji yunwar da ke cina ni ma. Na ce a raina ai ƙundu dama ja ne. Na barbaɗa yaji a kan wurin da na yanka, na kai masa.

Ya cinye tas. Yana suɗe yatsa yana cewa, "Ƙundu bakwai a zama ɗaya! Ko shugaban tasha bai taɓa samun wannan ba. Allah ya yi miki albarka." Na ce amin.

Kwana biyu bayan nan ciki ya murɗa masa. Gudawa, amai, sai zazzaɓi mai sa haƙora haɗuwa. Ya ƙi karya azumi sai da Yaya Sani ya zo ya yi masa magana. Muka yi abin da kowa ke yi, aka je kemis aka karɓo ja-da-yalo da ruwan gishiri da sukari. Da na ɓare kwalin sai na ga irin wanda ke cikin kwandon kajina ne sak. Har na ji sanyi a raina, na ce ai wannan na san aikinsa. Ya sha kwana biyu, jiki sai gaba yake yi. Mutumin da ke tafiya masallaci ba sanda ya koma sai an riƙe shi zuwa bayi.

Ranar ashirin da biyu muka kai shi asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini da bayan gida, aka fara allura. Likitar wata 'yar siririya ce mai gilashi, ba ta kai ni shekaru ba, Anti take ce mini. Ta ce in sha Allahu kwana biyu zai warware. Kwana biyu suka wuce, ta canza magani. Na lura ta daina cewa kwana biyu.

Na raba kaina gida da asibiti. Da safe kaji, da hantsi in ɗauki kunu a fulas in hau keke cikin yayyafi, in wuni a gefen gadonsa ina goge masa baki da tsumma. Ruwa yana dukan kwanon ɗakin marasa lafiya har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ya rame, agogon ya koma yana zamewa har gwiwar hannu, amma bai yarda a cire ba.

Ranar ashirin da shida likitar ta kira ni gefe. Ta ce sakamako ya fito, ƙwayar cutar irin wadda ake samu a hanjin kaji ce, kuma ta tsallaka ta shiga jininsa. Ta tambaye ni ko muna kiwo. Na ce muna yi. Ta ce me nake ba su. Na fara lissafawa, sai ta ɗaga hannu ta ce gobe in kawo mata ledojin da kwalaben.

Na kawo su cike da baƙar leda. Ta zazzage a tebur tana warewa da bayan biro. "Wannan shi ne wanda kuka saya a kemis. Wannan na kwalbar, Anti, uwa ɗaya uba ɗaya suke da allurar da muka fara yi masa. Wannan kuma ɗan'uwan na biyun da muka canza masa ne." Daga nan ta kai ni ƙofar ɗakin gwaji, ta sa aka ɗago mini wani ɗan faranti mai murfi ta bayan gilashi. An jera wasu ƙananan fararen takardu a kai, kowacce da maganinta. Ta ce inda magani ke aiki za a ga fili kewaye da takardar, ƙwayar ba ta iya matsowa. Na duba. Ƙwayar ta mamaye farantin har jikin takardun, ta zauna daram. Guda ɗaya tak ke da fili.

"Kullum kina ba su kaɗan-kaɗan," in ji ta, "masu rauni suna mutuwa, masu taurin kai suna saura suna hayayyafa. Su ne waɗannan. Kuma ba sai kaza ta yi ciwo ba, lafiyayya ma tana ɗauke da su."

Na ce, "Likita, kajina ne suka kwantar da shi?"

Ta cire gilashinta ta murza ido. "Ban gwada kajinki ba, ba zan ɗora miki abin da ban tabbatar ba. Yana iya zuwa ta ruwa, ko ta wani abincin. Wuta dai tana kashe su, komai taurinsu. Naman da ya ci ya dahu sosai?"

Na ce ya dahu.

Da azumi a bakina na faɗa. Ta gyaɗa kai, ta ce an fara masa maganin nan ɗaya da ya rage, sai dai jikin tsoho ne, kuma an yi kwanaki ana harbin iska, ƙodarsa ta fara gajiya. Mu yi ta addu'a.

Ban gaya wa Yaya Sani komai ba. Mama Ladi kaɗai na gaya wa, a ɗakin kaji, muna tsaye cikin waɗanda suka rage, ɗari da hamsin da wani abu, farare, manya, suna ta cin abinci abinsu. Ta bi kajin da kallo. Can ta ce, "Ni na koya maka." Na ce ba ke kika gasa ba.

Ana gobe jajibere Baba ya farfaɗo kaɗan. Ya buɗe ido ya gane ni, ya tambayi nawa ga wata. Na gaya masa. Ya ce, "Uwata, fasinjanki fa? Kada ki bari su wuce salla. Bayan salla ba mai kallon su, cinye ki za su yi. Ki tashi ki je ki sallame su, yaran nan su samu abin ci." Na buɗe baki in gaya masa. Wallahi na buɗe. Sai ya lumshe ido yana murmushi, na mayar da bakina na rufe.

Na sayar da su. Wannan ma ba wanda ya tilasta ni. Ranar jajibere aka yi rana ta farko cikin mako guda, mata suka cika ƙofar gidanmu da kwanduna, masu keke suna jira. Suna ɗaga kaza suna jinjina nauyi suna yaba mini. Kowacce na miƙa wa sai in ce, "A dafa sosai don Allah. A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙar." Wata mai bakin tsiya ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma mai kaza ce za ta koya mini dafa kaza?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Kafin la'asar ɗakin ya zama wayam. Wasu na san gidajensu, da yawa ban sani ba. Ban san tsoho nawa ko jariri nawa ke cikin waɗannan gidaje ba, kuma ban taɓa bin sawu ba, don ina tsoron abin da zan ji.

Washegarin salla da hantsi Baba ya cika, ina riƙe da ƙafarsa. Aka yi masa sutura bayan azahar, ana yayyafi.

Da yamma gida ya cika da 'yan gaisuwa. Kamar yadda aka saba, maƙwabta suka yi ta shigo da abinci don masu makoki ba sa ɗora tukunya. Lokacin salla ne, kowa da sauran nama, kwano bayan kwano duk kaza. Wata dattijuwa ta ajiye nata a gabana ta buɗe, ta ce, "Ki daure ki ci, Hajara. Naki ne ma, na wurinki na saya. Irin kajinki ba a samun su a kasuwa."

Na ɗaga kai. Matar Yaya Sani, da cikinta wata bakwai, ta ɗauki cinya tana shirin kaiwa baki. Yarana suna zaune a gefenta da nasu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓe cinyar daga hannunta, na karɓe na yaran, na bi kwanukan nan ɗaya bayan ɗaya na juye su a babbar tukunyar da muke dafa ruwan figa. Soyayye, farfesu, na miya, duk na haɗa na zuba ruwa. Ina ji ana cewa a ƙyale ta, mutuwar ce ta taɓa ta. Yaya Sani ya leƙo ya kira sunana sau biyu, ya koma. Itacenmu jiƙaƙƙe ne, na durƙusa ina hurawa, hayaƙi yana shiga idona.

Sai ga Mama Ladi da busasshen itace a ka, daga ɗakinta ta ɗebo. Ta sauke shi. Ta durƙusa ta gyara wutar, ta kama. Muka zauna mu biyu muna kallon tukunyar tana tafasa. Aka kira magariba, aka idar. Naman ya saki ƙashi, ƙashin ya fara farfashewa, ruwan ya ƙone na ƙara wani.

Mama Ladi ta taɓa gwiwata. "Ya nuna, Hajara. Ya isa haka."

Na ce mata na sani. Na ƙara itace.